AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: KAFIN KA SAYO MAGANI, SAKE DUBA TAMBAYARKA



Idan ka tara tambayoyin da sababbin masu kiwo ke yi, za ka ga kusan duk guda ɗaya ce take sake riga. "Kajina suna haki suna mutuwa, wane magani zan ba su?" "Kifina ya daina cin abinci, me zan zuba a ruwan?" "Abinci ya yi tsada, na wane kamfani ne mai araha?" Mai tambayar ya riga ya yanke cewa amsar tana cikin kwalba ko cikin buhu, sunanta kawai yake nema. Sai ya je ya sayo, a samu sauƙin kwana biyu, a koma gidan jiya. Kafin zubi na uku jari ya narke, a kulle ɗakin kaji, a zauna a majalisa ana cewa kiwo ba riba.

Sau da yawa maganin nan mai kyau ne, mai kiwon ma ya yi iya ƙoƙarinsa. Tambayar ce aka ɗora a karkace tun farko. Wanda kuwa ya yi tambaya a karkace, ko da ya samu amsa daidai, amsar wata matsala ce daban ba tasa ba.

Yau babu jadawalin rigakafi, babu haɗin abinci. Za mu yi magana a kan wata hanyar tunani da ta ceci jarirai da kaji da kifi a ƙasashe daban-daban, kuma ba ta buƙatar ko sisi kafin ka fara aiki da ita.

MENE NE TUNANIN MAI ƘIRA?

Maƙerin da ya san aikinsa, in ka je ya ƙera maka fartanya, ba ya hura wuta nan take. Zai tambaye ka: gonar taka jigawa ce ko laka? Kai za ka riƙe ta ko yaro? Tela ma sai ya auna ka kafin ya sa almakashi. Wato mai amfani da abu shi ake fara dubawa, sannan a zo kan abun.

Wannan ɗabi'ar ce masu zayyana kayayyaki a Amurka suka tsara ta, suka mai da ita darasi. David Kelley, wanda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin IDEO a 1991, ya jagoranci buɗe wata makaranta ta musamman a Jami'ar Stanford a 2005 don koyar da ita. Mu a nan bari mu kira ta tunanin mai ƙira. Matakai 5 suke koyarwa:

1. Je ka zauna da wanda matsalar ta dama, ka gani da idonka.
2. Faɗi matsalar da kyau, a jimla ɗaya.
3. Tara dabaru da yawa kafin ka zaɓi ɗaya.
4. Haɗa ɗan samfuri mai arha.
5. Gwada shi, ka ga inda ya gaza, ka gyara, ka sake gwadawa.

Mataki na biyu shi ne gishirin miyar. Ga dalili.

JARIRAI DA AKWATIN DA BA KOWA A CIKI

A 2007 aka ba wasu ɗalibai a Stanford aikin aji: su ƙera kwalbar jarirai bakwaini mai arha, don ƙasashe matalauta. Irin wadda ake amfani da ita a manyan asibitoci tana kai dala 20,000. Da a ce sun tsaya a kan tambayar da aka ba su, da sun zauna suna neman gilashi mai sauƙin kuɗi da waya mai sauƙin kuɗi.

Sai ɗaya daga cikinsu, Linus Liang, ya tafi ƙasar Nefal don ya gani. Abin da ya tarar ya ba shi mamaki: a asibitin birni akwai irin waɗannan na'urori, wasu ma ba kowa a ciki. Jariran da ke buƙatarsu ana haifarsu ne a ƙauyuka masu nisa, inda ba wuta, ba mota a kusa. Da yawa sanyi ke kashe su kafin a iso birni.

Nan tambaya ta juya. Da ana cewa "yaya za mu rage kuɗin na'urar asibiti?" Yanzu ta koma "yaya uwa a ƙauye, ba wuta ba likita, za ta riƙe ɗumin jaririnta?" Amsar da ta fito ko kama da kwalbar asibiti ba ta yi. Wata 'yar jaka ce ta barci, da aljihu a baya inda ake sa wani ƙunshi mai kama da kakin zuma. In an ɗumama shi ya narke, sai ya riƙa sakin zafi a hankali, daidai zafin jikin mutum, na tsawon awanni. Liang da Jane Chen da Rahul Panicker da Naganand Murty suka sa mata suna Embrace, aka fara amfani da ita a Indiya a 2011.

Ko bayan nan ma sai da gwaji ya sake koya musu darasi. Sun sa ma'auni mai nuna lambar zafi, wato digiri 37. Da suka zauna da iyaye mata a ƙauyukan Indiya, sai suka gano cewa wasu na ganin maganin Bature ya cika ƙarfi, in an ce a ba yaro cokali ɗaya sai su ba da rabi. Ke nan za su iya tsayar da ɗumin ƙasa da 37, su ce ya isa. Sai aka cire lambar, aka sa alama mai nuna "ya yi" kawai. Babu injiniyan da zai gano wannan yana zaune a ofis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk wanda ya taɓa rainon 'yan tsaki ya san wannan labarin bai yi nisa da mu ba. A Habasha, wani malami a kwalejin aikin gona ta Jimma, Solomon Demeke, ya fuskanci irin wannan. Manoman karkara ba su da lantarki, kananzir kuma tsada. Maimakon ya nemi inda zai samo musu zafi, sai ya duba yadda za a hana zafin da jikin 'yan tsakin ke fitarwa tserewa. Ya haɗa akwati na katako da waya, aka cusa busasshiyar ciyawa a bangonsa, aka rufe sama da buhu mai ciyawa. Da dare su kwana a ciki suna ɗumama juna, da rana a fito da su wani ɗan fili mai shinge su ci su sha rana. An yi shi ne don 'yan tsaki kaɗan, goma-goma, ba don mai burola 500 ba. Amma ga matar da ke da 'yan tsaki 30 a ƙauye, ya rufa asiri.

RIGAKAFIN DA YA YI SHEKARU BAI ISA ƘAUYE BA

Yanzu mu zo kan babbar maƙiyiyar kajin gida, cutar Niyukasul. Ita ce wadda ke shigowa musamman lokacin hunturu, ka ga kaza ta yi laushi, tana koren kashi, tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. In ta yi tsanani tana iya share kajin unguwa kaf cikin 'yan kwanaki. Tun 1926 aka gano ta, kuma rigakafinta irin su Lasota sun daɗe a duniya. To me ya sa kajin ƙauye suka ci gaba da mutuwa duk shekara?

Saboda rigakafin an yi shi ne don manyan gonaki. Yana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8, tun daga kamfani har bakin ɗakin kaji. Kwalba ɗaya ta kaji 500 ce ko 1,000, kuma da zarar an haɗa ta sai a yi amfani da ita nan take. Ita kuwa mai kajin ƙauye tana da 10 ko 15, manya da ƙanana a haɗe, suna yawo a tsakar gida, wasu ma a bishiya suke kwana. Shekara da shekaru ana tambayar yadda za a kai firij da lantarki ƙauye, tambayar da ba ta da amsa kusa.

A 1984 wata hukumar Ostireliya mai tallafa wa binciken noma, ACIAR, ta fara ɗaukar nauyin aikin Farfesa Peter Spradbrow na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa a Maleshiya. Su sai suka juya tambayar: maimakon a kai sanyi ƙauye, me zai hana a samo rigakafin da zai jure zafi? A Ostireliya akwai wani nau'in ƙwayar cutar marar lahani, mai suna V4. Suka riƙa gasa ta da zafi a ɗakin gwaji, suna ɗaukar wadda ta rayu suna hayayyafa ta, har aka samu mai juriya.

An gama? Ina! Da V4 ta koma hannun kamfani, sayenta da kuɗin waje ya gagari ƙasashe matalauta. Sai aka sake samar da wata makamanciyarta, I-2, aka ba cibiyoyin binciken ƙasashe irinta kyauta, kowa ya haɗa a gida. Da farko an so a riƙa ba da rigakafin a jikin abinci, tunda kama kajin da ke yawo wahala ne. Da aka gwada da hatsi iri-iri a Afirka, sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Ɗigo ɗaya a ido shi ya fi ba da kariya, sai aka koma kansa.

A Mozambik, inda Dakta Robyn Alders ta yi aiki shekaru da dama, an gano wani abu kuma: kajin nan mafi yawa na mata ne, amma malaman gona da maza suke magana, kuma a kan shanu. Sai aka koyar da mutanen ƙauyen kansu, har da mata, su zama masu ɗiga rigakafi gida-gida. Ana yi sau 3 a shekara, duk bayan wata 4, mai kaza ta biya ɗan abu kaɗan a kan kowace kaza, mai ɗigawa ya samu na cefane, aikin ya ɗore.

Kun ga sau nawa tambaya ta canja? Daga firij zuwa ƙwayar rigakafin, daga nan zuwa kuɗinta, zuwa yadda za a ba kaza, zuwa wanda zai ba ta. A Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa I-2, kuma shirin Propcom Mai-karfi da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya yi aikin yaɗa shi a ƙauyukan Arewa ta hannun masu rigakafi na cikin gari.

Gargaɗi ɗaya a nan: jure zafi ba ya nufin a jefa kwalba a aljihu a yini da ita cikin rana. Ana ajiye ta a sanyi muddin akwai hali, in za a yi tafiya a naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a inuwa, a bi umarnin da ke jikin takardarta. Kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Wannan dabarar jiƙaƙƙen ƙyalle ma 'yar uwar ta Mohammed Bah Abba ce, malamin nan na Jigawa da ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya ba manoma hanyar ajiye kayan gwari ba tare da lantarki ba, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ke nan tunanin nan ba gadon Bature ba ne.

MATAN CHORKOR DA MURHUN BANDA

Masu kifi, ga naku. Chorkor unguwar masunta ce a bakin teku a Akra, babban birnin Gana. Matan wurin sun daɗe suna bandar kifi a tsohon murhu mai zagaye, na laka ko na duro. A jera kifi hawa-hawa a kan sanduna, in ana so a juya sai an kwashe duka da hannu a sake jerawa. Kifi ya karye, itace ya ƙone da yawa, hayaƙi ya cika ido, ga shi lokacin da kifi ya yi yawa murhun ba ya ɗauka.

A 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da cibiyar binciken abinci ta Gana suka fito da sabon murhu tare da matan unguwar. Ba a kawo wani inji daga waje ba. An duba ainihin inda aikin ke ci musu rai, wato juya kifi da ƙarancin wuri. Sai aka gina murhu mai kusurwa huɗu da laka, aka yi farantai na katako da ragar waya, ana ɗora su ɗaya kan ɗaya har sama da goma. Farantan da kansu suke zama kamar bututun hayaƙi, su riƙe zafi. In ana son juyi, sai dai a sauya musu wuri, na ƙasa ya koma sama. Maginin unguwa zai iya ginawa, kafintan unguwa zai iya haɗa farantan. Shi ya sa ya bazu a ƙasashen Afirka da dama, kuma har yau da sunan unguwar ake kiransa.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Daga baya bincike ya nuna cewa in kitsen kifi yana ɗiga cikin wuta, hayaƙin na manna wa kifin wasu sinadarai masu illa ga lafiya, har kasuwannin Turai na ƙin karɓa. Sai aka sake komawa kan aiki. Aka fito da murhun FTT a Senegal da na Ahotor a Gana, masu tare kitsen kafin ya kai ga wuta. Amsar jiya ta zama tambayar yau. In kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

TO, MU DAWO GIDA

Bari mu ɗauki tambayoyi huɗu da muka saba yi, mu juya su mu gani.

Ta farko, zafi. Daga Maris zuwa Mayu tambayar ita ce "wane magani ne na zafi?" Bitamin da sinadaran da ake sa wa a ruwa suna taimakawa, ba musu. Amma gwada wannan: ƙarfe 2 na rana shiga ɗakin, ka tsuguna daidai tsayin kaza, ka yi minti 10. Taɓa ruwan da ke mazubi. Ɗaga hannu kusa da kwano. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuma kusan digiri 41 ne, galibi da haki take rage shi in zafi ya yi yawa. In ka fito daga ɗakin nan, tambayarka za ta koma "ta ina zafi ke shigowa, ta ina zai fita?" Daga nan amsoshi za su yi ta zuwa: a shimfiɗa kara ko ciyawa a kan kwano, a ɗauke tankin ruwa daga rana, a buɗe gefe da gefe iska ta ratsa, a rage cunkoso, a ba da abinci da asuba da yamma maimakon tsakar rana. Wanda bai gina ba tukuna, ya miƙe tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma don kada rana ta shiga ta gefe. Akwai ma tambayar da ta fi wannan zurfi: dole ne burolata su kai mako 5 da 6, lokacin da suka fi nauyi suka fi jin zafi, a tsakiyar Afrilu? Wani lokaci kalanda ce maganin.

Ta biyu, tsadar abinci. Abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, don haka kowa na neman buhu mai araha. Amma kai nama kake sayarwa, don haka abin tambaya shi ne nawa kilo ɗaya na nama ke ci maka. Mu ƙaddara, a misali kawai, buhu mai kilo 25 ana sayar da shi ₦20,000, wato ₦800 kilo ɗaya, kuma kaza na cin kilo 1.8 ta ba da kilo ɗaya na nauyi. Ka kashe ₦1,440. Wani buhun ₦17,500 ne, wato ₦700 kilo ɗaya, amma sai ta ci kilo 2.3. Ka kashe ₦1,610. Mai arahar ya fi tsada da ₦170 a kowane kilo. Ninka wannan da kaji 200 masu kilo 2 ka ga abin da ya tafi: ₦68,000. Sannan tsuguna ka tona shimfiɗar da ke ƙarƙashin mazubi. In ka ga abinci a ciki, to kuɗinka ne kake sharewa da tsintsiya. Kada a cika mazubi fal, kuma a ɗaga bakinsa daidai bayan kaza.

Ta uku, kasuwar tarwaɗa. Sabon mai kiwo tambayarsa "yaya kifina zai kai kilo ɗaya?" Ya ciyar wata 5 ko 6, kuɗin abinci ya ƙare, ya kira dillali. Dillali ya san ba ka da abincin gobe, sai ya yanka farashin da ya ga dama. Da tun kafin ka zuba 'ya'yan kifi ka tambayi kanka "wa zai saya, kuma wane girma yake so?" da lissafi ya canja. Masu farfesu da masu gashi manya suke so. Masu banda sun fi son matsakaita, waɗanda ake samu a wata 3 zuwa 4, da abinci kaɗan. Kifin da aka yi bandarsa da kyau kuma yana jira, ba ya cin abinci, ba ya mutuwa, ba a yi maka barazana da shi. Je kasuwa ka zauna da mai banda awa ɗaya kafin ka sayi tamfol.

Ta huɗu, ruwan tanki. "Ina zan zubar da shi, maƙwabta sun fara ƙorafin wari?" Juya ta: wa ke buƙatar wannan ruwan? Ruwa ne mai ɗauke da taki. Alayyafo, kuɓewa, ayaba, zogale, duk suna maraba da shi. Abin da ke jawo faɗa da maƙwabci zai iya zama kuɗin cefane.

YADDA ZA KA GWADA A WANNAN MAKON

Fara da gani. Gani ya kori ji. Ka shiga wurin kiwonka a lokutan da ba ka saba shiga ba: ƙarfe 3 na dare, da asuba, da tsakar rana. Yi magana da wanda ke ba da abinci da ruwa kullum, ko yaronka ne ko maiɗakinka ko ƙanenka. Tambaye shi wane aiki ne ya fi ba shi wahala, kuma kada ka katse shi da faɗa. In ka tsorata shi, zai faɗa maka abin da kake son ji ne kawai.

Sai ka bi matsalar da "me ya sa" har sau 5. Kamfanin Toyota na Japan ne ya shahara da wannan, ta hannun injiniyansu Taiichi Ohno. Misali, kana wayar gari kana kwasar gawar 'yan tsaki. Me ya sa suka mutu? Sun taru a lungu sun danne juna. Me ya sa suka taru? Sanyi suka ji, alhali a makon farko suna son digiri 32 zuwa 35. Me ya sa suka ji sanyi? Gawayin kasko ya mutu cikin dare. Me ya sa ba a ƙara ba? Yaron ya yi barci. Me ya sa ya yi barci? Shi kaɗai ne, ya yini yana aiki. To ka ga, da ka tsaya a tambayar farko da ka sayo maganin ƙwayoyin cuta, alhali abin da ake buƙata shi ne a raba kwana, ko a samu ɗumin da zai kai asuba, a kuma zagaye lungunan da kwali don kada su samu wurin cunkushewa. In kana amfani da gawayi kuma, kada ka toshe ɗaki ruf da leda, hayaƙinsa na kisa.

Bayan nan rubuta matsalar a jimla ɗaya, amma da sharaɗi: kada sunan magani ko na kaya ya shiga ciki. "Ina buƙatar janareta" amsa ce ta ɓuya a rigar tambaya. "Ina buƙatar ruwan tankina ya riƙa sabuntawa ko da babu wuta" ita ce matsalar, kuma tana da ƙofofi da yawa: tankin ajiya a sama, sola, rage yawan kifi, ko haɗa kuɗi da maƙwabci.

Sai ka rubuta dabaru aƙalla 10, har da masu ban dariya, kafin ka zaɓa. Dabarar farko da ke zuwa kai galibi ita ce wadda kowa ke yi.

Sannan ka gwada da kaɗan. Rufe rabin kwano da kara ka bar rabi, ka rataya ma'aunin zafi a kowane ɓangare. Ware kaji 20 ka ba su sabon abincin, ka auna su duk mako tare da sauran. Yi bandar kifi kilo 5 ka kai wa masu saye uku ka ji ta bakinsu kafin ka gina murhu. Abu ɗaya za ka canja a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma ka rubuta komai a littafi: rana, adadi, nauyi, kuɗi. Gwajin da ya faɗi a kan kaji 20 kuɗin makaranta ne. Wanda ya faɗi a kan 500 kuwa, sai dai jaje.

INDA BA A WASA

Kada wani ya karanta wannan ya ce ya daina kiran likitan dabbobi. Akwai abin da an riga an gama bincike a kansa, ba ya son ƙirƙira: rigakafin Gumboro da Niyukasul a kan lokaci, tsabtar mazubai, hana baƙi shiga ɗakin kaji, tankaɗe tarwaɗa a raba manya da ƙanana don kada su cinye juna. In kuma ka ga kaji na faɗuwa da yawa farat ɗaya, kada ka tsaya gwaji, kada ka kai kasuwa. Sanar da ofishin dabbobi mafi kusa, don tana iya zama murar tsuntsaye.

Abin da muke cewa shi ne, matsalar da ke dawowa kowane zubi duk da kana kashe mata kuɗi, wannan tana gaya maka cewa ba a nan take ba. Mutanen Stanford an aike su ƙera na'ura suka dawo da jaka. Masu rigakafi sun bar batun firij suka koma kan ƙwayar. Matan Chorkor da laka da katako aka share musu hawaye.

Kai ma ɗauki biro yau da daddare. Rubuta tambayar da ta fi damunka a kiwonka, yadda ka saba yin ta. A ƙarƙashinta sake rubuta ta ta hanya uku daban, ba sunan magani, ba sunan kaya. Gobe ƙarfe 2 na rana ka shiga ɗakin da takardar a aljihu, ka tsuguna, ka ga wacce ce gaskiya a cikinsu.

Allah ya sa albarka a kiwo, ya tsare mana jari.